Wuyan Malam

Ranar wata Talata bayan la'asar na dawo daga ofis na tarar da Gwaggo zaune a tsakar gidana a Takur, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, ga zoɓo matata ta ajiye mata ko kallonsa ba ta yi ba. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni, kuma ba ta shiga mota sai dole ta kama, don tun daga garinmu na bayan Kiyawa take fara amai har a sauke ta a Dutse. In ka ga Gwaggo a birni, to ba yawo ta zo ba.

"Gwaggo, lafiya? Wa ya rasu?"

"Kai, rufa mana asiri da wannan bakin naka. Aiko ni aka yi."

Ta kwance gefen mayafinta, ta ciro wani ƙunshi na farin hankici ta miƙo mini. Na buɗe. Wani ɗan ƙarfe ne mai sheƙi, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa da rabi ba, amma da nauyi a hannu, mai mariƙi da faffaɗan kai. Tare da shi akwai ƙaramin kwalin reza, irin mai baki biyun nan da ake yanke farce da ita. Na juya shi, na sake juya shi. Na gane gidan reza ne, na taɓa ganin irinsa, amma ban taɓa riƙewa ba.

"Yaya Malam ya ce a kawo wa mutumin Dutse," in ji Gwaggo. "Tun zuwansa Makka na farko ya sayo shi, bai taɓa amfani da shi ba. Ya ce ya koya, in ya iya ya zo ya gyara masa wuya."

Sai da na zauna a ƙasa, da kayan ofis ɗina da komai.

Mutumin Dutse ni ne. Ni ne ɗan fari a wurin Malam, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Shekarata arba'in da uku a lokacin, amma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba, ko da wasa, ko cikin fushi. Ina yaro "wancan" nake. Da na shiga makarantar kwana na koma "na boko". Da na samu aiki a sakatariya na zama "mutumin Dutse". Ko ina durƙushe a gabansa, bango yake kallo ya ce, "A gaya wa mutumin Dutse hanya ba kyau, ya tashi da wuri," ni kuma in ce, "To, Allah ya gafarta Malam," kamar wani ne ya isar mini da saƙon. Ƙannena suna zama kusa da shi, autanmu har dariya yake sa shi. Ni kuwa ban san ɗumin tafin hannunsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar ana yi, kowa ya gaya mini haka kuma na yarda. Amma abin ya daɗe yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

To mutumin da bai taɓa cewa in miƙo masa buta ba, shi ne yau yake cewa in zo in ɗora reza a maƙogwaronsa.

"Gwaggo, ina Baba wanzami?" na tambaya. Baba wanzami shi ke yi wa Malam gyara duk safiyar Juma'a tun kafin a haife ni. Kan Malam sanƙo ya riga ya cinye shi, gemu kuwa ba a taɓawa, saboda haka aikin bai wuce ƙeya da wuya ba.

"Ya ajiye. Wai hannunsa rawa yake."

"Wanzamai sun ƙare ne a garin? Ga ƙannena uku a gida, ga ɗalibansa masu gemu har ƙirji, kowa rububin aikin zai yi. Me ya sa sai ni?"

"Ka je ka tambaye shi mana, tunda kun saba hira," ta ce, ta ja zoɓonta ta kurɓa.

A ranar na ƙudura a raina cewa wannan shi ne abu ɗaya tak da Malam ya taɓa nema a wurina tun da na zo duniya, kuma ba zan je gabansa ba sai na tabbata ko ɗigon jini ɗaya ba zan fitar masa ba.

Ni fa mutumin kilifa ne. Duk sati biyu ina zuwa shagon aski na bakin titinmu, in zauna a kujera, a ɗaura mini ƙyalle, in tashi tas. Ban taɓa aske wa kaina ko gashi ɗaya ba. Abin da na sani game da gyaran wuya shi ne abin da na tashi ina gani a ƙofar gida: wanzami ya tsoma yatsu a ruwa, ya shafa, ya danna fata, ya ja aska ƙarrr daga ƙasa zuwa sama. Na ce ai shi ke nan, reza ma aska ce.

Washegari da safe na jingina madubin matata a jikin taga, na ɗebo ruwan sanyi a kofi. Na murɗa mariƙin, ƙarfen ya rabu uku a hannuna, har guda ya faɗa cikin bokiti. Na tsamo shi, na zura rezar a tsakani, na ɗaure sama-sama don tsoron kada in karya kayan Malam. Na jiƙa wuyana, na ɗaga haɓa, na ce bisimilla, na danna, na ja tun daga gindin wuya har ƙarƙashin gemu. Na sake ja. Na bi ta kan zakaran wuya kai tsaye kamar mai share tsakar gida.

Wallahi ban ji zafi ba, kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro daga baya. Har na fara jin daɗi, ina cewa a raina ashe abin ba wuya. Sai na ga wani jan ɗigo ya fito a madubi. Ga wani. Ga wani can kusa da kunne. Kafin in ƙirga goma sun haɗe sun gangaro, farar singiletina ta koma ja tun daga wuya har ƙirji. A kan zakaran wuya kuwa fata ce na yanko guda, na gan ta maƙale a bakin rezar. Innalillahi! Na tsaya baki buɗe ina kallon kaina, na kasa ko ajiye ƙarfen.

Matata ta fito daga kicin da farantin ƙosai, ta kalle ni, ta saki farantin.

"Na shiga uku! Baban yara, yanka kanka za ka yi a gidan nan?"

"Aski nake koya."

"Wannan ne askin? Allah ya kiyaye wuyan Malam!"

Haka na tafi ofis da guntayen auduga manne a wuya. Ina shiga, wani abokin aikina da ba ya iya riƙe bakinsa ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, wane mahaucin ne ya fara bai ƙarasa ba?" Ofis ya ɗauki dariya. Na yi yaƙe. Wannan fa wuyana ne, mai tauri, mai tsoka. Wuyan Malam na ɗan shekara saba'in da ɗoriya ne. Da a kansa na yi wannan jan, da yanzu wane labari ake?

Ranar Alhamis da yamma Gwaggo ta bugo waya da wayar autanmu. "Ya ce a tambaya ko mutumin Dutse ya iya."

"Ki ce saura kaɗan."

Sai da na jira kwana biyar miki ya bushe. A tsakanin na duƙufa kallon bidiyo a waya, Turawa da jajayen wuya suna kaɗa kumfa da burushi suna surutu. Daga nan na gane ana ɗaure mariƙin tam, kuma ana sa sabulu. Jinin ya ragu, amma sai ƙuraje suka feso mini jere a ƙasan wuya, masu ƙaiƙayi da raɗaɗi, ko wuyan riga ya taɓa sai na yi tsaki. Alhamis ta sake zagayowa, Gwaggo ta sake bugowa, na sake cewa saura kaɗan. Har na ɗan yi mata faɗa, na ce abin da mutum ya yi shekara arba'in bai nema ba, ai ya iya jiran sati biyu. Allah ya yafe mini wannan maganar.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi garinmu wurin Baba wanzami. Na ajiye motar a bayan kasuwa, na bi ta lungu, don kada wani ɗan gidanmu ya gan ni ya kai labari. Tsakanin gidan Baba da soron Malam bai fi taku ɗari biyu ba, amma ban leƙa ba. Kunyar wuyana nake ji.

Na same shi a soronsa, ya zura hannuwansa biyu cikin babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in matso wajen haske. Da ya ga wuyana sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ɗan Malam! Ni na yi maka askin suna, ni na yi maka kaciya, amma duk a haɗe ban fitar maka da jinin da ka fitar wa kanka ba. Me wuyan nan ya yi maka?"

Na ciro ƙarfen na nuna masa, na faɗa masa yadda na yi. Ya girgiza kai. Ya ce ya san irinsa sarai, ya yi shekaru yana yi wa wani tsohon hedimasta gyara da shi, don shi ba ya yarda da aska.

"Kai ka ga muna dannawa da aska, ka ɗauka haka ake yi da kowane ƙarfe. Wannan ba a danna shi. Ba ka ji nauyinsa ba? Nauyin nan ya ishe shi aiki, kai rakiya kawai za ka yi masa. Ka riƙe shi da yatsu uku, can ƙarshen mariƙin."

Ya sa aka kawo ruwan zafi daga cikin gida. Ya ce in jiƙa tawul in naɗe wuyana in zauna, har sai gashin ya yi laushi. Ya ce in murza sabulu a tafin hannu sai kumfa ta yi kauri. Ya nuna mini yadda ake kwantar da kan ƙarfen a fata, a riƙa sauke mariƙin a hankali har a ji rezar ta fara kama gashi. "Da kunne ake ganewa," in ji shi. "In ka ji ƙas-ƙas-ƙas, to tsaya a nan. Kada ka ja doguwa. Gajere-gajere, ka ɗauraye, ka juya ɗaya bakin." Zakaran wuya kuwa ya ce ba a hawa kansa, fatar ake ja gefe da yatsa, a aske ta a inda ƙashi ba ya ƙarƙashi, a sake ta ta koma wurinta. Fatar tsoho kuma sai an miƙar da ita da yatsu biyu, don in ta tattare reza tsinke ta take yi.

"To ƙurajen fa, Baba?"

"Gaba ka ƙulla da gashin. Kawo hannunka."

Ya fito da hannunsa daga riga, ya kama yatsana, ya ɗora a wuyana ya bi da shi. A ƙarƙashin haɓa gashin ƙasa ya kwanta. A gefe biyu ya karkata wajen kunne. A gindin wuya kuwa sama yake kallo. Can ta hagu ma akwai wani wuri da ya murɗe ya yi zagaye. Mamaki ya kama ni. Shekara arba'in da uku ina yawo da wuyan nan, ina wanke shi kullum, ban san haka yake ba. Ya ce duk inda gashi ya kwanta, nan reza za ta bi shi, kuma ba wuya biyu da suke iri ɗaya. Na lura riƙon da ya yi wa yatsana riƙo ne mai ƙarfi, ba rawa ko kaɗan, amma hankalina yana kan wuyana, ban bi ta kai ba.

"In ka je wurin Malam," ya ce, ya daina dariya, "kada reza ta taɓa inda yatsanka bai fara zuwa ba. Ka ɗaga gemun ka shafa ko'ina, har ƙarƙashin muƙamuƙi. Dama da hagu. Ka ji ni? Da hagu."

"Na ji, Baba."

"Yaushe za ka je?"

"Sai hannuna ya faɗa."

"Ka je Juma'ar nan."

"Haba Baba, so kake in yanka shi?"

Ya dubi bakin ƙofa. Can ya laluba zabirarsa ya ciro dunƙulen alif, irin wanda ake jefawa a ruwa ya kwanta, ya miƙo mini. "Ƙaramin yanka wannan yana tsayar da shi. Ka je Juma'ar nan, ɗan Malam."

Ban je ba. Ni da taurin kai, na ce sai na yi aski uku a jere ba jini. Na yi na farko ranar Litinin, na karce wuri ɗaya. Na yi na Laraba lafiya lau, kunnena ya fara gane ƙas-ƙas ɗin. Alhamis Gwaggo ta bugo, na ce mata sati mai zuwa in sha Allahu, ba fashi. Juma'a ta uku ke nan ta wuce. A satin da ya biyo na yi uku a jere tas, har matata ta shafa ta ce kamar wuyan jariri. Na ji kaina ya kumbura, na ɗauka na gama da mai wuyar.

Na isa gida da hantsin Juma'a, ɗaliban safe sun watse. Malam yana zaune a kan buzunsa a soro, littattafai jere a gefensa, rawani a kansa, amawali ya rufe haɓarsa kamar kullum. Na cire takalmi na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon bango. Muryarsa ta ɗan dishe, na ɗauka yawan karatu ne.

"A kawo wa mutumin Dutse ruwan zafi."

Gwaggo ta kawo a kwano ta koma ciki. Malam ya ɗaga hannu ya fara warware rawaninsa, zagaye bayan zagaye, ya naɗe ya ajiye a kan littafi. Sai a lokacin na gane ban taɓa ganin wuyan mahaifina ba. Siriri ne, ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, farin gashi na sati huɗu ya rufe shi.

Na matso da gwiwa har na ji ƙanshin turarensa da na tawada. Ban taɓa zuwa kusa da shi haka ba. Na sa sabuwar reza, na ɗaure tam. Na matse tawul na ɗora masa a ƙeya. Daga baya na fara, don kada mu haɗa ido. Na shafa da yatsa, na ji inda gashin ya kwanta, na sa kumfa, na miƙar da fatar da yatsu biyu, na bar nauyin ƙarfen ya yi aikinsa. Ƙas-ƙas-ƙas. Ƙeya ta fita fes.

Na zagayo gabansa. Yanzu ta yaya ake ce wa Malam ya ɗaga kai?

"Allah ya gafarta Malam, a ɗan ɗaga."

Ya rufe ido ya ɗaga. Na sa hannu a ƙarƙashin gemunsa. Fatar da ɗumi, da laushi, ina jin jijiya tana motsi a ƙarƙashin yatsana. Na gama dama lafiya. Na ja fatar zakaran wuya gefe na aske ta kamar yadda aka koya mini. Na ɗauraye rezar, na koma hagu. Na lura sajen wannan gefen an bar shi ya sauko ƙasa fiye da na dama, har na ce a raina lallai hannun Baba ya daɗe da lalacewa. Na ɗaga gashin, na tura yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi.

Yatsana ya ci karo da wani abu.

Na ɗauka ƙashi ne. Na koma dama na taɓa, babu. Na dawo hagu. Wani ƙulli ne, girmansa ya kai ƙwan zabuwa, mai tauri, ba ya motsi, ya kafe a cikin naman wuyan. Na bi gefensa da yatsa na ji ya yi jijiya ya nutse ciki. Ƙarfen ya suɓuce daga hannuna ya faɗa kwanon ruwa. La'ilaha illallahu! Ina durƙushe, yatsana a kan abin, na kasa ɗaukewa. Ina jin injin niƙa yana kuka a maƙwabta, ina jin kaza a tsakar gida, amma kamar daga wani gari.

Malam bai buɗe ido ba.

"A ci gaba," ya ce.

Na tsamo ƙarfen. Har yau ban san yadda na yi ba. Na sa kumfa, na kewaye abin gajere-gajere, daidai inda tsohon layin Baba wanzami ya bi, na bar sajen ya rufe shi yadda na same shi. Na goge masa wuya da tawul. Ko ɗigon jini babu. Alif ɗin yana aljihuna ban ciro shi ba.

"An gama?"

"An gama, Allah ya gafarta Malam."

"An gani?"

"An gani."

"To."

Ya ɗauki rawaninsa ya fara naɗawa a nutse, ya gyara amawali ya rufe wuyan. Sannan ya juya wajen bango.

"A tambayi mutumin Dutse, in yau zai koma, ko akwai wuri a motarsa."

Na ja da baya na fita waje don in samu iska. A gindin darbejiyar ƙofar gidanmu kuwa wa zan gani? Baba wanzami, zabirarsa a buɗe, ya dafe kan wani maƙwabcinmu yana yi masa ƙwalƙwal. Aska tana gudu a hannunsa sumul, ba rawa, ba gargada. Raina ya ɓaci nan take. Ban taɓa ɗaga wa dattijo murya ba sai ranar.

"Baba! Wannan ne hannun da yake rawa?"

Ya ƙarasa jan da yake yi, ya goge askar, ya ce wa mutumin ya ɗan jira. Ya ja ni gefe.

"A wuyan Malam kaɗai yake rawa," ya ce a hankali. "Tun kaka nake kewaye abin nan. Yana kamar ƙwayar gyaɗa na fara jin sa. Na ce Malam, a je asibiti. Ya ce wa zai kai shi? Na ce ga ɗanka a Dutse, da motarsa, ya san likitoci. Ya ce da wane baki zai gaya maka? Na ce to a gaya wa ƙannenka. Ya ce ba zai faɗa wa ƙanana abin da babba bai ji ba. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. To ban gaya wa kowa ba. Cewa na yi na ajiye aska, ya nemo wanda zai taɓa wuyan. Na san ba zai ba baƙo ba."

"Na zo gidanka! Na zauna a gabanka!"

"Na ce maka da hagu. Na ce maka ka je Juma'ar nan. Sau biyu na faɗa."

Ina tsaye ina huci sai ga Gwaggo ta fito da tsohuwar jakar Makka ta Malam, tana jan ta da ƙyar. Na karɓa, na ji ta cike. Na ce yaushe har aka haɗa kaya?

"Yaushe? Tun ranar da ya aike ni wurinka ya sa na haɗa ta. Duk Juma'a da safe sai ya ce in fito da ita soro in ajiye bayan ƙofa. In aka yi la'asar ya ce in mayar. Sau uku ina fitowa da ita ina mayarwa. Na tambaye shi tafiyar ina ce, ya ce in bari mutumin Dutse ya zo." Ta dube ni da kyau. "Kai, me ya faru? Ka yanke shi ne?"

Na jingina da mota. Juma'a uku. Ni ina Takur gaban madubi ina lallaɓa wuyana, ina jin daɗi matata ta ce kamar na jariri, shi kuwa yana zaune a soro da jakarsa a bayan ƙofa yana sauraren ƙarar mota. Ranar nan ma da na zo wurin Baba, taku ɗari biyu ne tsakaninmu, na bi ta lungu na gudu. Daga baya likita ya ce mini sati uku ba su ne suka canza komai ba, abin ya riga ya yi nisa tun kafin nan. Na ji shi da kunnena, amma har yau zuciyata ba ta karɓa ba. Juma'a talatin da ɗaya na ƙara yi wa Malam gyaran wuya bayan wannan, wasu a gidana, wasu a gadon asibiti, ta ƙarshen a soronsa.

A ranar dai ya fito da sandarsa, ya yi wa Baba wanzami sallama kamar ba abin da ya faru. Na buɗe masa ƙofar baya, inda manya ke zama. Ya wuce ta, ya buɗe ta gaba da kansa ya shiga. Na zagaya na zauna a gefensa, na ciro makulli. Na kai shi bakin ramin ya zame. Na sake kaiwa ya sake zamewa. Hannuna karkarwa yake, makullin yana ta ƙwanƙwasar ƙarfe.

Malam ya juyo. Babu bango a cikin mota, kuma bai nemi gilashi ya kalla ba. Ni ya kalla, ido cikin ido.

"Ka bari hannunka ya tsaya tukuna," ya ce. "Ai ɗazu ba ka yanke ni ba."

Na kifa kaina a kan sitiyari. Ya zauna yana jira har na gama kukana.